Ruwan Bayan Ishaya

Tun da aka sallamo mijina matan zumunta ba su bar ni na huta ba, kowace da irin tambayarta, ni kuma na gaji da maimaita labari ɗaya a ƙofar coci rana tana dukana. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, musamman wadda Allah ya haɗa ta da miji irin nawa, mai ganin zuwa asibiti kamar an ce ya kai kansa ofishin 'yan sanda.

Sunana Saratu, ina koyarwa a wata firamare a nan Kafanchan. Ni 'yar Fadan Kaje ce. Mijina Ishaya mutumin Jaba ne, manomin citta. Muna zaune a gari, amma gonarsa tana ƙauyensu can gefen Nok, inda yayansa Baba Bitrus yake riƙe da gida tun rasuwar mahaifinsu. Ni ban iya yarensu sosai ba, shi ma bai iya nawa ba, don haka da Hausa muka yi soyayya, da ita muke faɗa, da ita muke shiryawa.

Ciwon ya fara ne a tsakiyar zafin nan na kafin Ista. Ishaya ya dawo daga ƙauye yana cewa kansa na sarawa, wuyansa kuma ya riƙe. Ko kaɗan hankalina bai tashi ba, domin ya wuni yana ɗaukar buhunan irin citta a ka, kuma duk matar manomin citta ta san wannan kukan na wuya a kowace shekara. Na dafa ruwa na gasa masa da tawul, na shafa man zafi, na haɗa masa shayin citta. A gidanmu citta ce maganin komai. Ko ƙafa ka karye, Ishaya zai ce ka sha citta tukuna a ga abin da Allah zai yi.

Da zazzaɓi ya shigo, sai ya lallaɓa kemis ɗin bakin layinmu ya sayo maganin maleriya da wasu kafso a ƙullin leda. Ya sha, ya ɗan ji dama, har ya fara maganar komawa gona. Bai je ko'ina ba, jikin ya sake rikicewa. Na matsa masa muka je wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka ɗebi jini, aka ce maleriya da taifod. A garin nan ko kujera ka kai gwaji za a samu maleriya da taifod a jikinta. Aka sa masa ruwa, aka karɓi abin da aka karɓa, muka dawo gida da wuyan nan yadda muka tafi da shi.

A mako na biyu ne na fara ganin abin da ban taɓa gani ba. Haske ya zama abokin gabarsa, ko labule na ɗaga sai ya ja zanina ya rufe fuska. Duk abin da ya ci sai ya dawo. Wata safiya ina shirin makaranta na kawo masa kunu, ya dube ni ya fara yi mini magana da yaren Jaba. Na ɗauka tsokana ce, na ce ya bari na makara. Ya ci gaba, a hankali, cikin ladabi, kamar yana gaida baƙuwa. Na kira sunansa, na yi masa Hausa, ya zuba mini ido kawai. Mutumin da muka haifi 'ya'ya uku bai san da wane baki ake yi mini magana ba. Nan na ajiye jaka na fita neman keke-napep.

A babban asibiti layin kati ya kai har bakin baranda. Ina tsaye riƙe da shi, yana zamewa, mai ba da kati kuma yana ta cin gyaɗarsa ko a jikinsa. Wata nas ce ta zo wucewa, ta kalle shi sau ɗaya, ta ce mu biyo ta. Ban san sunanta ba har yau, amma ina sa ta a addu'a.

Likitar da ta gan mu yarinya ce siririya, da a hanya na gamu da ita sai na ce 'yar sakandare ce. Ta kwantar da shi, ta sa hannu a ƙeyarsa ta ɗaga. Kan bai lanƙwasa ba, kafaɗun ne suka biyo shi gaba ɗaya kamar an ɗaga katako, ya yi wata ƙara da har yanzu ba na son tunawa. Ta haska idonsa, ta tambaye ni magungunan da ya sha, na ba ta sauran kafson da ke jakata. Ta juya su a hannu, na ga ranta bai so ba. Sannan ta ce tana zargin sanƙarau. Za ta fara masa allura nan take, amma tana bukatar ta ɗebi ruwan bayansa, domin ciwon iri-iri ne, wani na ƙwayar bakteriya, wani na bairos, wani na tarin fuka, ga kuma maleriyar da ke hawa kai, kowanne da hanyarsa. In ba ta ga ruwan ba, lalube za ta yi ta yi. Ta ce sai na sa hannu.

To, a nan gizo yake saƙar. A gidan su Ishaya ba a shiga jikin ɗan gida da ƙarfe sai babba ya ce a shiga. Mace tana iya yin jinya, ta kwashe amai, ta sayar da zaninta ta sayi magani, amma yanke shawara ba nata ba ne. Wadda ta yi gaban kanta abin ya zo da ƙarar kwana, ranar jana'iza za a zaunar da ita a gaban dangi a tambaye ta wa ya ba ta izini, kuma tambayar za ta bi ta har 'ya'yanta su girma. Ga shi kuma duk ƙauyen sun san labarin wani Kefas da aka ɗebi ruwan bayansa a Kaduna shekarun baya, ya dawo ba ƙafa.

Na fita waje na kira Baba Bitrus. Sai da na yi ta kira kafin ya hau tudun da suke samun sabis. Na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗa masa komai.

"Matan mu, kada ki yarda," in ji shi. "Ruwan baya shi ne ƙarfin mutum. In sun cire, me ya rage? Ki jira ran Lahadi, bayan sujada za mu zauna da iyali, mu ga yadda za a yi."

Ranar Laraba ce. Na koma na faɗa wa likita, ina jin kunyar kaina, malamar makaranta guda. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce irin su Kefas yawanci ciwon ne yake cinye musu ƙafa saboda an kawo su a makare, allurar kuwa takan sha zagin da ba nata ba. Ruwan da za ta ɗiba bai cika cokali biyu ba, kuma jiki zai mayar da shi kafin gobe. Sai ta ce, "Madam, ciwon nan bai san Lahadi ba."

Na kalli Ishaya. Yana ta magana da bango da yarensu. Na tuna zaman da za a yi da ni in ya mutu, na tuna kuma cewa in na jira, zaman da za a yi ke nan ko ta yaya, sai dai ba wanda zai tambaye ni komai. Na ga gara a tambaye ni. Ni da nake sa hannu a takardun yara kullum ba tare da na duba ba, ranar sai da na bi kowane layi kafin na sa hannu.

Aka kwantar da shi a gefe, aka naɗe shi gwiwa zuwa ƙirji, nas biyu suka riƙe. Ni ina gabansa riƙe da hannuwansa ina rera masa waƙar coci a hankali, ban ma san wadda nake rerawa ba. Ruwan ya riƙa ɗiga cikin 'yan kwalabe. Likita ta ce na mai lafiya garau yake kamar ruwan sama. Nasa ya ɗan yi hazo, ba sosai ba, irin wanda ba ya ba mutum amsa.

Cikin gwaje-gwajen da ta rubuta akwai wani da ta kira laktet. Kalmar ta zauna mini don ita ce ta sa ni yawo. Ɗakin gwajin asibiti suka ce kayan yinsa sun ƙare, sai dai na kai wani lab na kuɗi a cikin gari, kuma na yi sauri kada ruwan ya daɗe. Haka na hau acaɓa da ruwan bayan mijina a naɗe cikin hankici, na matse a ƙirji, ina yi wa ɗan acaɓar faɗa kan kowane rami. Asibiti guda na gwamnati, a ce mai jinya ce za ta zama 'yar aike. Wannan har gobe ina jin haushinsa. Amma kafin la'asar sakamako ya fito, alhali ɗayan gwajin, wanda ake ajiye ruwan a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, sai an yi kwanaki. Likita ta duba ta ce laktet ɗin ya haura sosai, sukarin ruwan kuma ya yi ƙasa, alamu sun fi karkata ga na bakteriya. Ta ce za a ci gaba da allurar jijiya mai ƙarfi, ba fashi, har sai ta ce a tsaya.

Washegari Baba Bitrus ya iso a kan babur, ƙura har gira. Na durƙusa na gaishe shi, ya wuce ni kamar na gaida ƙofa. Ya je gadon, ya ɗaga mayafi, ya kama babban yatsan ƙafar ƙaninsa ya matsa. Ƙafar ta janye. Ya matsa ɗayan, ita ma ta janye. Ya sauke mayafin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yau ne. Mu ga gobe. In ƙafan shi ya mutu, ke za ki goya shi."

Daga ranar ya tare a gidan wani ɗan ƙauyensu a gari, kuma kowace safiya kafin ya ce wa kowa ina kwana sai ya matsa yatsun nan. Har masu jinyar sauran gadaje suka saba, suna ganinsa sai su fara ƙunshe dariya. Ni kuwa ba na dariya, don ni ma idona yana kan ƙafar.

Masu dubiya ba su zo hannu rabbana ba, kowa da shawararsa. Wata gwaggonsu ta kawo saiwa a ɗaura masa a wuya. Wani ya ce a yi masa tsaga a ƙeya jinin banza ya fita. Wata ta ce akwai mai addu'a a garin Kasuwan Magani da ba ya kuskure, a cire shi a kai can. Na karɓi man addu'a na shafa masa a goshi, don wannan ba ya hana allura, sauran kuwa na yi musu kunnen uwar shegu. Fastonmu, Allah ya saka masa, shi ne ya ce musu Ubangijin da ya ba mu addu'a shi ya ba likita ilimi, su bar mutum ya sha magani.

Kuɗi kuwa kamar ana zuba ruwa a kwando. Safar hannu ka saya, sirinji ka saya, auduga ka saya, ruwan wanka ma ka saya a wurin 'yan garuwa. Allurar kanta wani lokaci babu a kantin asibiti, sai an fita. Albashina ya tafi, gudummawar matan zumunta ta tafi, na aika aka sayar da rabin irin cittar da Ishaya ya ɓata wuyansa a kai. Duk lokacin da zan fita neman magani, Inna Hauwa, wadda mijinta ke gadon kusa da mu da ciwon suga, ita take zama kusa da shi tana kora masa ƙuda. In lokacin sallarta ya yi ni kuma na duba mata nata. A ƙarƙashin mangwaron bayan ɗakin muke girki, tukunyarta kusa da tawa.

Wajen ƙarshen makon farko a asibiti zazzaɓin ya fara sauka. Wata rana da hantsi ina goge masa fuska, ya buɗe ido ya ce, "Saratu, ruwa ya sauka ne?" Da Hausa. Ba sannu, ba ina yara, damina yake tambaya saboda shukarsa. Na fashe da kuka ina zaginsa, Inna Hauwa tana ta hamdala, shi kuma yana kallonmu bai san laifin da ya yi ba.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Sakamakon gwajin nan mai ɗaukar kwanaki ya fito, aka ce ba abin da ya tsiro. Baba Bitrus ya samu abin da yake nema. Ya ce ga shi nan, an huda bayan mutum a banza, ba a ga komai ba, maleriya ce tun farko, kuma tunda ya farfaɗo a sallame shi a daina ƙona irin citta a kan allura. Ishaya ma, da ya ji an taɓa masa iri, ya ce shi gida zai tafi. Ba zan ɓoye ba, ni kaina na fara shakka. Aljihu ya bushe, damina ta ƙarato, wani ɓangare na zuciyata yana so a ce Baba ne ke da gaskiya.

Likitar nan ta jawo kujera ta ba Baba Bitrus, ita ta zauna a bakin gado ƙasa da shi. Ta ce kafson da Ishaya ya sha a gida sun raunana ƙwayoyin har sun kasa tsirowa a kwalba, amma ba su kashe su ba. Ta ce idan irin wannan cuta ta shiga, jiki yana fama da ita, wani tsami yakan taru a cikin ruwan, shi ne laktet. Kafso kan iya rage shi ma, amma na Ishaya duk da haka ya ninka abin da ya kamata.

"Baba, in an kawo maka kunun da ya kwana, ka kurɓa ka ji tsami, sai ka ga abin da ya tsamar da shi da ido kafin ka yarda ya juya?"

Ta ƙara da cewa ba da wannan gwajin kaɗai take hukunci ba, ta haɗa da sukarin da ya faɗi da yadda ta ga jikinsa, amma shi ne ya sa ba za ta yarda a tsayar da allura a rabi ba. In aka tsaya yanzu, ciwon zai dawo, kuma ba zai dawo da sauƙi ba. Baba ya ce, "Ke yarinya ne, likita, amma na ji."

Ya tashi ya fita, bai yi wa kowa sallama ba. Kwana biyu ba mu gan shi ba, yatsun Ishaya suka huta. Ranar kasuwar aladu sai ga shi da yamma, yana warin kasuwa, ya ajiye ƙullin baƙar leda a kan gado kusa da ni. Kuɗi ne, babbar uwar aladunsa ya sayar, mai ciki, wadda yake taƙama da ita a duk ƙauyen. Na buɗe baki zan yi godiya, ya ce kada a sake taɓa irin citta, ya juya ya kama yatsan ƙafa.

A mako na uku aka fara tsayar da Ishaya. Jiri ya yi ta ɗibarsa, ya rame har wandonsa sai da igiya, amma ya taka daga gado zuwa ƙofa, washegari zuwa baranda. Aka gama allura cif, aka sallame mu. Abin da ciwon ya tafi da shi shi ne kunnen hagu. An tura mu Jos an gwada, sun ce da wuya ya dawo. Likitarmu ta ce da an zo da wuri wataƙila da an tsira da shi, da kuma an ƙara jinkiri da ba maganar kunne ake yi ba. Shi dai ya samu abin yi, duk lokacin da na fara maganar ya rage aikin gona sai ya juyo mini da na hagun.

Don haka 'yan'uwana, ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da wuyan da ya ƙi lanƙwasawa, kada ku tsaya gasa shi da tawul kuna cewa buhu ne. Ku ce mutum ya kai haɓarsa ƙirji, in ya kasa ku nemi keke. Kada a fara da kafson kemis, domin su suka kusa rufe wa likita ido. In an riga an sha, a tafi da ledar a nuna. In aka ce za a ɗebi ruwan baya, a bari a ɗiba, kuma a tambaya ko za a iya auna laktet, tunda shi ba ya kwana. A kuma kai yara rigakafi, mu ma mun kai namu.

Bayan an yi shuka muka je ƙauye yin godiya a cocinsu. Aka cika maƙil, har da masu leƙe ta taga, don kowa yana so ya ga mutumin da aka ɗebi ruwan bayansa. Da aka ba iyali dama, Baba Bitrus ya miƙe a matsayinsa na babba, ya gyara babbar riga, ya yi magana da Hausa saboda baƙi. Ya ce da likita ta nemi ruwan baya, su a matsayin iyali ba su ɓata lokaci ba, suka ce a ɗiba. Ya ce mutane su daina tsoron abin nan, jahilci ne.

Jinina ya hau. Na yunƙura zan miƙe, sai na ga tsofaffin matan layin gaba suna gyaɗa kai, har da uwar Kefas. Da ni na faɗa, da sun ce 'yar Kaje ce ta yi sa'a. Na koma na zauna. Ishaya ya sunkuyo da kunnen dama ya tambaye ni me yayansa ya ce. Na faɗa masa. Ya yi ta dariya ba sauti har kafaɗunsa na rawa.

Aka buga ganga don iyali su taka zuwa gaba da baiko, wato sadakar godiya. A al'adarsu babban gida ne yake jan layi, matan aure kuma su biyo can baya. Na nufi wurina. Baba Bitrus ya tsaya a tsakiyar hanya ya ƙi motsawa, masu kiɗa suna ta maimaita baiti ɗaya. Ya waiwayo ya neme ni da ido, ya matsa gefe.

"Matan mu, wuce gaba."

Na wuce, ina kuka ina rawa, ban damu da wanda ya gani ba. A bayana ina jin takun Ishaya. Ba ya tafiya daidai da gangar, don kunne ɗaya ba ya kama kiɗa sosai, amma da ƙafafunsa biyu yake takawa.